Ruwan Zafi na Tafadek

Jama'ar Tasawa da Mayahi, kun taɓa jin labarin Tafadek? Wuri ne cikin duwatsun Abzin, wajen kilomita 80 arewa da Agadas. Can ruwa yake ɓuɓɓugowa da zafinsa, ba wuta ba icce.

Mi ya sa? Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi ƙwarai. Ruwan sama yana nutsewa, ya yi zafi, sannan ya hawo ta tsagar dutsi. A zamanin da, wasu duwatsun Abzin har aman wuta suka yi.

Masu sanyin ƙashi suna zuwa wanka, suna jin sauƙi. Amma mai hawan jini da mace mai ciki su fara tambayar likita. Hanyar duk duwatsu ce, kada ku tashi daga Agadas ba jagora.