Kuɗin ciyar da yara da neman zama ɗan ƙasa a Amurka

Baƙon da kotu ta ɗora wa kuɗin ciyar da 'ya'yansa a Amurka, ya ƙi biya, ba a cika korarsa don wannan kaɗai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa. Hukumar USCIS, mai kula da neman zama ɗan ƙasa, na duba halinsa na shekara 5 baya, ko 3 ga mai auren ɗan ƙasa, kuma ƙin ciyar da iyali da gangan kan rushe buƙatar. Wanda rashin aiki ya hana, sai ya kawo hujja.

In yaron yana wata jiha, bashin kuma ya haura dala 10,000, wata doka ta 1998 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2.