Na'urar BCM a Motocin Ɗaukar Kaya: Yaushe Ya Kamata a Canza Ta?

Samaru Kataf, a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, mahaɗar hanyoyi ce. Daga nan ake bi ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ta nan ake gangarawa Kagoro da Kafanchan, akwai kuma hanyar da ta nufi Saminaka. Idan kaka ta yi, motocin da ke kwasar citta da masara da doya daga ƙauyukan kudancin Kaduna ba sa yankewa a wannan mahaɗa, tun daga a-kori-kura har zuwa tirela. Mafi yawansu tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, kuma ciwon da ya fi addabarsu a yanzu ba na inji ba ne, na wuta ne: fitila ta kama da kanta, waifa ta ƙi tsayawa, oda ta yi shiru, ko a kwana da cikakken batir a wayi gari ya mutu.

Sau da yawa idan irin waɗannan matsaloli suka taru a mota ɗaya, zargi yakan faɗa kan wata ƙaramar kwamfuta da ake kira BCM. Masu gyara sukan haɗa ta da kwamfutar inji su kira su duka burenbos, alhali aikinsu daban ne. Ta inji tana kula da mai da iska da tafiyar injin. Ita kuwa BCM jikin mota ne a hannunta: fitilun gaba da na baya, tirafiketa, waifa, oda, gilasan ƙofa, makullan ƙofofi, a wasu motocin har da tsarin da ke gane mukulli kafin mota ta yarda ta tashi.

A tsofaffin gingimari irin su Mercedes 911, waya ce ke tashi daga makunni ta bi ta fiyus ta isa fitila, shi ke nan. Duk mai gyaran wutar mota, wanda aka fi sani da rewaya, zai iya bin wayar da kwan gwaji har ya gano inda ta tsinke. Motocin zamani ba haka suke ba. Idan direba ya murɗa makunnin fitila, saƙo kawai ya aika wa BCM, ita ce za ta saki wutar. Kwamfutocin motar kuma suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, bisa tsarin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. Wannan ne dalilin da ya sa ɓacin na'ura guda kan bayyana a wurare biyar da ba su da wata alaƙa a ido.

Sunanta ma yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A motocin MAN ana kiran mai irin wannan aiki ZBR, a DAF kuma VIC, yayin da Mercedes Actros ta raba aikin tsakanin na'urori da dama a gaba da bayan mota. Mai mota da bai san haka ba zai iya yawo kasuwa yana cigiyar abin da ke gabansa da wani suna.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, na'urar ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Kusan kullum akwai abin da ya kashe ta, kuma a yanki irin kudancin Kaduna na farko shi ne ruwa. Damina a nan tana da tsawo da ƙarfi fiye da ta Kano ko Katsina. Idan robar gilashin gaba ta tsufa, ruwa kan ɗiga ta bayan dashbod, inda galibi na'urar take, ya shiga soket ɗinta har ƙusoshin su yi tsatsa mai launin kore. Masu wankin mota da ke watsa ruwan famfo cikin kan mota suna yin irin wannan ɓarna a rana ɗaya.

Na biyu shi ne walda. Motocin ɗaukar amfanin gona kusan duk ana ƙara musu bodi ko a gyara shasi, kuma mai walda da ya fara aiki ba tare da an cire kan batir ba yana iya aika wa na'urar wutar da ta fi ƙarfinta. Haka ma tayar da mota da batirin wata: galibin manyan motoci suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, a-kori-kura kuwa 12, kuma haɗa su kai tsaye ko juya kan waya na iya ƙona na'ura nan take. Sai kuma ƙarin fitilun ado da manyan oda da direbobi ke so, waɗanda ake ɗaura wa a kan wayar da ba a yi ta don wannan nauyi ba.

Saboda haka mai gyara na kirki ba ya fara da sayen sabuwa. Yakan fara da abin da ya fi araha. Cikakken batir na bolt 12 ya kamata ya nuna kusan 12.6 idan inji a kashe yake, ya kuma haura zuwa wajen 14 idan altaneta na caji. A babbar mota adadin yakan kai wajen 28. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya rikita kwamfutocin mota su riƙa nuna alamun ciwon da ba su da shi. Daga nan sai a duba fiyus da rile, sannan wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin idan mahaɗinta ya yi tsatsa ko ya saki, wuta kan nemi wata hanyar komawa, sai a taka birki tirafiketa ta kama. Motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin canza BCM, goge wannan mahaɗi kaɗai suke buƙata.

Bayan haka ne ake jona na'urar bincike. Ita za ta nuna ko BCM na amsa kira, ko tana ganin saƙon makunni amma ta kasa sakin wuta. Akwai kuma gwajin wayoyin CAN: idan aka cire batir aka auna tsakaninsu, ana sa ran ganin kusan om 60. Adadin da ya yi nisa da wannan yana nuna waya ce ta tsinke ko ta haɗe, ba lallai na'urar ba. Sai an tabbatar wuta na shiga, saƙo na isowa, amma babu abin da ke fita, sannan za a ce ta mutu.

Canza ta ma ba cire-ka-sa ba ne. Lambar da ke jikin tsohuwar dole ta dace da ta wadda za a saya, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya na iya ɗauke da na'urori daban bisa kayan da aka ƙera ta da su. Mai mota daga Samaru ko Kafanchan yakan aika Panteka a Kaduna, ko Kofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, kuma abin da ake samu galibi na hannu ne da aka ciro daga wata mota. Irin wannan tana zuwa da bayanan tsohuwar motarta a cikinta. A motoci da yawa sai an saita ta da kwamfuta, an shigar da lambar shasi, an kuma sake gabatar mata da mukullai, in ba haka ba inji zai juya amma ba zai tashi ba. Yana da kyau a yi yarjejeniyar mayarwa da mai shago kafin a biya, kuma kada a jefar da tsohuwar, domin daga cikinta ake kwafo saitin. Wani lokaci ma gyaruwa take yi, idan rile ɗaya ne ya ƙone a ciki ko dalma ta saki.

Kafin a jona sabuwar, wajibi ne a toshe inda ruwa ke shiga, a kuma gyara wayar da ta haɗe. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sake sayen wata.

Akwai gajeriyar hanya da ta zama ruwan dare a garejin bakin titi: a yanke wayar da ta fito daga na'urar, a jawo wuta kai tsaye daga batir zuwa fitila da makunni na daban. Direban da ya ɗauko citta, mai kaya na jiransa, yana da uzurin karɓar wannan don ya isa gari. Matsalar ita ce ba a cika komawa a gyara ba. Waya marar fiyus da ke gogar ƙarfe a kan hanya mai ramuka tana iya tayar da gobara, kuma tirelar da fitilun bayanta suka ɗauke da dare a hanyar Kachia haɗari ce ga duk motar da ke biye da ita.

Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Kera Motoci ta Ƙasa, NADDC, tana shirya horo ga makanikai kan gyaran motocin zamani masu kwamfuta. Sai dai kayan binciken manyan motoci suna da tsada, kuma sun fi yawa a manyan birane irin Kaduna da Jos da Abuja. Don haka mai mota a Samaru Kataf yakan tsinci kansa da zaɓi biyu: ya biya kuɗin ɗauko mai na'urar bincike daga birni, ko ya sayi BCM bisa zato. A mafi yawan lokuta kuɗin binciken bai kai na na'urar da za a saya a banza ba, balle a haɗa da kwanakin da mota za ta yi a ajiye a tsakiyar kaka.