Ƙungiyoyin Ɗalibai Da Dokokin Jami'a: Ina Ne Iyakar Kowa?

A farkon kowace shekarar karatu, Ofishin Kula da Al'amuran Ɗalibai na jami'o'in Nijeriya yakan cika da shugabannin ƙungiyoyi, kowa riƙe da takardunsa, yana neman a sabunta masa rajista. Akwai ƙungiyoyin addini, da na 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, da na sassan karatu, da na wasanni, sa'an nan ga babbar ƙungiyar da ke wakiltar ɗalibai baki ɗaya. Mai kallo daga nesa zai zaci aikin cike takardu ne kawai, alhali kuwa yawancin waɗannan ƙa'idodi sun samo asali ne daga rigingimun da aka yi hasarar rayuka a cikinsu.

Ƙa'idodin sun yi kama da juna a kusan dukkan jami'o'i. Ana bukatar ƙungiya ta miƙa tsarin mulkinta, da sunayen shugabanninta, da sunan malamin da ya yarda ya zama mai ba ta shawara. Ba a yarda ta kira taro, ko ta gayyato baƙo daga waje, ko ta yi jerin gwano ba, sai da izni a rubuce. A wurare da dama kuma, ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa bai kai wani mizani ba, ba ya da ikon tsayawa takara. Hujjar hukuma ita ce, iyaye sun danƙa mata amanar 'ya'yansu don karatu, saboda haka tilas ta san wanda ke tara su da kuma abin da ake tara su a kai.

Tun kafin samun mulkin kai ɗalibai ke haɗa kansu. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a Ikko cikin 1954, an kuma kafa Ƙungiyar Ɗalibai ta Ƙasa, watau NUNS, cikin 1956. Ɗalibai na cikin waɗanda suka matsa wa Gwamnatin Tarayya lamba har ta soke yarjejeniyar tsaro da ke tsakaninta da Ingila a 1962. Amma dangantaka ta soma tsami ranar 1 ga Fabrairu, 1971, sa'ad da 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Badun, lokacin wata zanga-zanga da ta taso daga ƙorafi kan yadda ake tafiyar da ɗakin cin abinci.

Cikin watan Afrilu na 1978, bayan an ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana, NUNS a ƙarƙashin Segun Okeowo ta kira ƙaurace wa azuzuwa, tana neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe Akintunde Ojo a Ikko, an kuma kashe waɗansu ɗalibai a Samaru ta Zariya. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta NUNS, daga bisani kuma shugabannin Jami'ar Ikko da ta Ahmadu Bello, watau Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka rasa muƙamansu. Sai dai haramcin bai daɗe yana aiki ba, domin a 1980 ɗalibai sun kafa NANS a madadinta.

Rikicin 1986 na Jami'ar Ahmadu Bello shi ya fi nuna yadda ƙaramar doka kan haifar da babban al'amari. Ɗalibai sun yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe a 1978, sai ayarin ya ratsa ɗakin kwanan mata na Amina, wanda doka ta hana maza shiga. Hukumar Jami'a a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗaliban, su kuwa ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar Jami'ar, aka yi hasarar rayuka, tarzoma ta bazu zuwa sauran manyan makarantu. Gwamnatin Janar Babangida ta naɗa kwamitin bincike na Manjo Janar Emmanuel Abisoye, sa'an nan Hukumar Bincike ta Mai Shari'a Mustapha Akanbi, ta kuma haramta NANS.

Bayan tarzomar 1989 kan shirin tsuke bakin aljihu na SAP, Gwamnatin ta kafa Dokar Soja mai lamba 47, wadda ta ce shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama ne ba tilas ba, ta kuma ba hukumomi ikon rushe duk wata ƙungiya da suka ga ayyukanta na barazana ga zaman lafiya da tsaro. Masu sukar dokar sun ce manufarta ita ce a karya lagon ƙungiyoyi ta hanyar raba su da kuɗin shiga da kuma yawan 'ya'ya.

Duk da haka, ikon jami'a yana da iyaka, kuma Kotun Ƙoli ce ta shata ta. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri cikin Fabrairu, 1983, an kori waɗansu ɗalibai bisa rahoton wani kwamiti wanda Mataimakin Shugaban Jami'ar ya shugabanta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda aka yi wa ɓarna. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Ta ce ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata hurumin kotu ne, ba na kwamitin ladabtarwa ba. Daɗin daɗawa, sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa 'yancin taro da shiga ƙungiya, kuma ɗalibi ba ya ajiye wannan 'yanci a bakin ƙofar makaranta.

To amma hukumomi ma suna da abin faɗa. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa 6 suka kafa a Badun cikin 1952 ta soma ne a fili, amma waɗansu da suka ɓalle ko suka kwaikwaye ta daga baya sun rikiɗe zuwa ƙungiyoyin asiri masu ɗauke da makamai. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ciki har da babban sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Haka nan rikicin Kafanchan na Maris, 1987, ya faro ne daga saɓani tsakanin ɗalibai mabiya addinai biyu a Kwalejin Ilmi ta garin, kafin ya watsu zuwa Kaduna da Zariya da sauran garuruwa. Duk hukumar da ta ga irin wannan, ba za a zarge ta ba idan ta nemi sanin abin da ƙungiyoyi ke ciki.

Abin lura a nan shi ne, a Ife ƙungiyar ɗalibai ta halal ce ke kan gaba wajen yaƙi da 'yan asiri, shi ya sa aka kai wa shugabanninta hari. Ke nan idan aka rushe ƙungiyar da ke aiki a fili, ba a kawar da haɗari ba, an dai rufe ƙofar da hukuma ke jin koken ɗalibai ta cikinta, an bar fili ga masu taro da dare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin da ke cikin waɗannan al'amura ya shafi kowane ɓangare. Wajibi ne ƙa'idodin rajista su kasance a rubuce, kowa ya san su, a kuma yi aiki da su daidai wa daida ba tare da duba addini ko jiha ko ra'ayin siyasa ba. Ɗalibin da ake tuhuma a sanar da shi laifinsa, a saurare shi, kada wanda ya kawo ƙara ya zama alƙali. Su kuma shugabannin ɗalibai, haƙƙi ne a kansu su bayyana yadda suka kashe kuɗin 'yan'uwansu, su yi zaɓe a kan lokaci, su guji zama 'yan amshin shatar 'yan siyasa. Jami'ar da ke horar da magatakarda da alƙalan gobe, ita ce wurin da ya fi dacewa matashi ya fara koyon bin doka da kuma neman haƙƙinsa ta hanyar doka.