Su Wa Aka Ƙona a Ramin Najran?

Kwanan baya ina zaune a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, nan cikin garin Daura, sai rediyo ya kawo labarin an kashe wani fasto a wata jiha. Wani saurayi da ke gefena, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya ce, "Mushe ya ragu." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Kai samari, a allo ina ka tsaya?" Ya ce, "Haba Baba, ai na sauke." Na ce to, mutanen ramin nan da ke cikin Suratul Buruji, su wane ne? Ya ce sahabbai ne. Na kusa da shi ya ce a'a, mutanen Annabi Musa ne. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Ba yau na fara jin irin wannan magana ba, kuma na gaji da ita. Akwai wata gurguwar fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan yaranmu, wai Kirista ba ya mutuwa don Allah, wai addininsa Bature ne ya zo da shi jiya-jiya, saboda haka jininsa ba abin tsayawa a kai ba ne.

Kalmar shahidi asalinta mai ba da shaida. Kiristocin farko ma, da Girkanci, da kalmar da ke nufin mai shaida suka kira wanda aka kashe saboda ya ƙi barin imaninsa. Makomar kowa a lahira kuwa tana hannun Allah, ba ita ta kawo ni ba.

Mu koma kan sura. Yaro yana gama izifin Sabbi, ya wanke Ɗariƙi, sai Buruji. Liman yana jan mu salla da ita, muna bin sa a baya, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar wa aka ƙona. Malaman tafsiri sun kawo ruwayoyi da dama, mafi shahara a ciki ita ce ta Najran, wani gari da ke kudancin Saudiyya ta yau, dab da iyakar Yaman. Wajen shekarar 523, kusan shekara hamsin kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), sarkin Himyar mai suna Zu Nuwas, wanda ya shiga addinin Yahudu, ya kewaye garin. Ya ce wa mutanensa ko su bar addinin Annabi Isa ko su mutu. Suka zaɓi mutuwa. Aka haƙa rami, aka hura wuta, aka riƙa jefa maza da mata da yara. Ibn Ishaƙ ya ce sun kusa dubu 20. Shugabansu wani dattijo ne mai suna Haris, kuma har yau coci na tunawa da shi kowace ranar 24 ga Oktoba. Kufan garin yana nan, sunansa Ukhdud, wanda ya je zai gani.

Na san amsar da ake bayarwa, don a teburin ma an ba ni ita: "Ai waɗancan masu tauhidi ne, ba irin na yanzu ba." To, na ji. A bar wa malamai wannan. Amma jikokin mutanen nan fa? Su ne suka zo Madina, mutum sittin, a ƙarshen rayuwar Manzon Allah, da limamansu da manyan rigunansu. Suka yi muhawara da shi a kan Annabi Isa, ba su yarda ba, ba su musulunta ba. Malamai sun ce a kansu farkon Suratu Ali Imrana ya sauka, wato babu mai cewa ba a san aƙidarsu ba. Me aka yi musu? An jefe su? An rubuta musu takardar amana, ta kare rayukansu da dukiyarsu da coci-cocinsu, an ce ba za a tsige limaminsu daga muƙaminsa ba. Suka koma gida lafiya. Wanda ya ce ya fi Manzon Allah kishin addini, sai ya faɗa mana a wace makaranta ya yi karatu.

Haka Ashabul Kahfi, da muke karanta surarsu kowace Juma'a. Dakyanusu da masu tafsiri ke ambata a labarinsu, sarkin Rum ne da ya hau mulki a 249, ya tilasta wa kowa yanka wa gumaka, wasu Kiristoci suka ƙi.

Batun cewa addinin Bature ne kuwa, ban san inda za a sa mutanen Afirka ba. A 203 aka jefa wasu mata biyu, Perpetua da baiwar da ake kira Felicity, ga namun daji a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau. Kibɗawan Masar daga shekarar 284 suke ƙirga kalandarsu, suna kiranta kalandar shahidai, saboda yawan waɗanda sarki Diocletian ya kashe musu. A lokacin kakannin Ingilishi gumaka suke bauta wa. A Yuganda, sarki Mwanga ya kashe Kiristoci 45 tsakanin 1885 da 1887, yawancinsu samarin fada, da dama a cikinsu da wuta a Namugongo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kimanin shekara goma kafin nan mahaifinsa Mutesa ya kashe samarin fada Musulmi a wannan yanki, su ma don sun ƙi bin sarki a kan addininsu.

Kuma ga su a gida. Bishop Gerald Mamman Musa na Katsina Bahaushe ne ɗan Malumfashi. A Wusasa akwai gidajen da asalinsu Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda abin da yake koyarwa a kan Annabi Isa. A Janairun 2020 Boko Haram ta yanka Rabaran Lawan Andimi na Michika. Ba na cewa duk Kiristan da aka kashe don addininsa aka kashe shi. 'Yan bindigar da suka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi a Mayun 2021, irinsu ne suke kashe Musulmi a Batsari da Faskari. Talauci da siyasa da lalacewar tsaro duk suna da hannu.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kisan taro. Ranar 12 ga Mayun 2022 ɗalibai suka jefe Deborah Samuel, suka ƙona gawarta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, a kan wani saƙon murya na WhatsApp da aka ce ta yi ɓatanci a cikinsa. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito ya yi tir. Bayan shekara ɗaya, a garin dai, aka kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, da irin wannan zargi. Kowa ya taɓa ganin gobarar daji ya san ba ta tambayar gonar wane ce.

Daura ta cika da baƙi yanzu. Ga ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya, ga sojoji da ma'aikatan asibiti, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turawa Zango da Baure da Sandamu, ga masu kayan gyaran mota da 'yan kasuwar da ke cin Mai'aduwa ranar Lahadi. Garin da tarihinsa ya fara da baƙon da ya nemi ruwa a gidan tsohuwa Ayana bai kamata a koya masa riƙon baƙo ba. Amma tunatarwa tana da amfani.

In saƙo ya shigo wayarka wai wane ya yi ɓatanci, kada ka tura wa kowa. Ka tambayi wanda ya turo: da kunnenka ka ji? Yawanci za ka tarar shi ma an ce masa ne. In da gaske akwai magana, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, ga ofishin 'yan sanda, ga kotun shari'a. A Risala da Askari da muka karanta a zaure, hukunci aikin alƙali ne, da shaidu, da sauraron wanda ake tuhuma. Babu babin da ya ba ɗan acaɓa ko ɗalibin aji biyu wuƙa. In ka ga taro ya fara haɗuwa, ka kira hukuma tun kafin a ɗauki dutsen farko, ka janye naka yaron daga wurin. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar bidiyo, wannan ma shiga ciki ne. Iyaye mata, a daina cewa yaro "arne" in ya ƙi wanka ko ya makara da salla, daga nan yake koyon cewa akwai mutanen da ba mutane ba. Malaman allo da na Islamiyya, don Allah in yaro ya kai Buruji a ba shi labarin Najran, da sunan garin da addinin mutanensa. Masu tafsirin azumi su ma kada su tsallake wurin da sauri.

In wani ya rugo ƙofarka ana bin sa, ka buɗe. Ranar 23 ga Yunin 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci. Mata ya sa a gidansa, maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Filin da aka gina masallacin a kai, Kiristocin ƙauyen ne suka bayar da shi kyauta, sama da shekara arba'in kafin wannan rana.