Dalilin Da Ya Sa Aka Zaɓi Kilohaz 455 A Cikin Rediyon AM

Duk wanda ya taɓa murɗa tsohuwar rediyo yana neman tasha a gajeren zango, zai iya tuna yadda tasha ɗaya kan fito a wurare biyu. Wannan ba lalacewa ba ce, ya samo asali ne daga yadda aka ƙera rediyon.

A shekarar 1918 wani injiniya Ba'amurke, Edwin Armstrong, ya fito da dabarar da yawancin rediyoyi ke bi har yau. Maimakon a tace kowace tasha a kan mitarta, rediyon na samar da tasa sigina, ya haɗa ta da wadda ta shigo ta eriya, sai a ɗauki bambancinsu. Wannan bambancin shi ne mitar tsakiya, wadda injiniyoyi ke kira IF. Idan ana son tashar da ke kan kilohaz 600, rediyon zai samar da 1055, bambancin ya zama 455.

Matsalar ita ce, tashar da ke kan 1510 ita ma bambancinta da 1055 shi ne 455, don haka tana iya kutsowa. Ana kiran ta inuwa, kuma tazararta da tashar da ake nema ninki biyu ne na mitar tsakiya, wato 910.

Idan mitar tsakiya ta yi ƙasa, kamar 175 da wasu rediyoyin farko suka yi amfani da ita, raba tashoshi maƙwabta na da sauƙi, amma inuwa tana matsowa kusa. Idan ta yi sama, inuwa za ta yi nisa, sai dai tacewa ta yi wuya. Haka kuma dole ta kauce wa matsakaicin zango, wanda a Afirka da Turai ya fara daga 531 zuwa 1602, da kuma 500 da a da jiragen ruwa ke neman agaji a kai. Lambar 455 ta cika waɗannan sharuɗɗa.

A gajeren zango kuwa, tazarar 910 ta yi kaɗan, shi ya sa rediyo mai araha ke maimaita tasha. Masu tsada sukan sauya mitar sau biyu don magance hakan. Wayoyin zamani da dama sun bi wata hanyar: suna sauko da sigina kai tsaye zuwa sifili ko kusa da shi, sannan su tace ta da lissafi.