Genevieve Nnaji da Funke Akindele: Hanya Biyu Daga Akwatin Talabijin

Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai shekara biyu ba. An haifi Funke Akindele a Ikorodu ta jihar Legas a watan Agustan 1977, Genevieve Nnaji kuma a Mbaise ta jihar Imo a watan Mayun 1979, ko da yake ita ma a Legas ta tashi. Su duka biyun ta akwatin talabijin suka shigo sana'ar. Genevieve tana ƙaramar yarinya ta fito a Ripples, shirin Zeb Ejiro da NTA ke nunawa. Funke kuwa sai a 1998 aka san fuskarta, lokacin da ta fito a matsayin Bisi, 'yar sakandare mai yawan tambaya a shirin I Need to Know, wanda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyinsa don wayar da kan matasa game da lafiyarsu. Kowaccensu ta ci kyautar gwarzuwar jaruma ta AMAA, babbar kyautar fim ta Afirka, kowacce kuma ta koma bayan kyamara tana ba da umarni. Iyakar kamanninsu ke nan. Daga nan kowacce ta kama gabanta, kuma hanyoyin da suka bi su ne manya biyu da ke gaban duk jarumar da ta yi suna a ƙasar nan.

Genevieve ba ta daɗe a talabijin ba. A 1998, tana 'yar shekara 19, ta fito a fim ɗin Most Wanted, ta faɗa tsakiyar zamanin kaset, lokacin da 'yan kasuwar Idumota a Legas da na Upper Iweka a Anacha ke zuba kuɗi a ɗauki fim cikin 'yan kwanaki, a buga fasta, a watsa kasuwa. Ba a jima ba fuskarta kaɗai ta isa sayar da fim har a Gana da Kenya. Abin da ya fitar da ita daban shi ne natsuwa. Zamani ne na ihu da zare ido da birgima a ƙasa, ita kuwa sai ta tsaya cak, ta bar ido da ɗan motsin baki su yi aikin. Duk wanda ya kalle ta a wani fim na 2003, inda ta fito a matsayin muguwar 'yar'uwar Omotola Jalade, ya san cewa muguntar da aka yi da murmushi ta fi wadda aka yi da hargowa ratsa jiki. A 2004 'yan kasuwar suka dakatar da ita tare da wasu manyan jarumai, wai sun tsauwala kuɗin aiki. Da shekara ta zagayo, a bikin AMAA na farko a Yenagoa, ita aka fara miƙa wa kyautar gwarzuwar jaruma. A ganina tun daga nan ta soma janye jiki. Ta rage fitowa, ta shiga zaɓen aiki: Ijé a 2010, wanda aka ɗauki wani sashensa a Amurka, ƙaramar rawa a Half of a Yellow Sun a 2013, sai Road to Yesterday a 2015. Ganinta ya yi tsada, tsadar kuma ta ƙara mata kwarjini.

Funke ba ta samu wannan sauƙin ba. Da I Need to Know ya ƙare a 2002, finafinan Turanci ba su yi rububinta ba, sai ta koma na Yarabanci, wanda a lokacin masu ji da kansu ke yi wa kallon na talakawa, ta kuma haɗa da karatun lauya a Jami'ar Legas. A 2008 ta fitar da Jenifa, labarin Suliat, 'yar ƙauyen Aiyetoro da ta shigo jami'a a birni, ta sauya suna, ta ƙudurta sai ta shiga sahun manyan 'yan mata ko ta halin ƙaƙa, alhali Turancinta a karye yake. Fim ne na ban dariya mai ɗaci a ƙarshe, kuma shi ya ba ta kyautar AMAA a 2009.

Abin da ta yi bayan shekara shida shi ne ya raba ta da Genevieve baki ɗaya. Jarumar da ta ci babbar kyautar fim ta Afirka ta ɗauki Jenifa ta mayar da ita talabijin. Jenifa's Diary ya fara a 2015, ya yi ta tafiya har ya wuce zango ashirin. A idon masu ganin silima ita ce sama, wannan komawa baya ne. Amma shiri mai dogon zango yana yin wani aiki da fim ba ya iyawa. Fim sau ɗaya ake zuwa a kalla, a yaba ko a kushe, a tashi. Shirin mako-mako kuwa shiga gida yake yi, ya zauna tare da mutane lokacin cin abincin dare, har yara su riƙa kwaikwayon maganar jarumar a makaranta. Masu kallo sun bi Jenifa zuwa shagon gyaran gashin da take aiki, sun san ƙawayenta Toyosi da Kiki da Adaku, sun ga faɗuwarta da tashinta sau ba adadi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: bayan kasuwar faifai ta mutu a Kano, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So ne suka riƙe masu kallo, har wasu jaruman aka fi saninsu da sunan da suke amsawa a shiri fiye da na yanka. Funke ta ci kyautar AMVCA ta jarumar barkwanci a 2016 da 2017 da wannan shiri, sai dai abin da ta tara ya fi kofi nauyi. Ta tara jama'ar da suka saba da ita, kamar mai tuwon unguwa wadda cinikinta ba ya buƙatar shela.

Da ta juya ga silima, jama'ar nan suka bi ta da kuɗin tikiti a hannu. Omo Ghetto: The Saga ya fito a Disambar 2020, ana tsakiyar dokokin korona, ya tara sama da naira miliyan 600, ya ture The Wedding Party daga saman jerin finafinan Najeriya mafi ciniki. Battle on Buka Street, wanda ya fito a 2022, ya zarce shi. A Tribe Called Judah, wanda ya fito a Disambar 2023, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen silima, Everybody Loves Jenifa kuma, wanda ya fito a shekarar da ta biyo, ya wuce shi. Gaskiya ne darajar naira ta faɗi sosai a waɗannan shekaru, kuɗin tikiti ya tashi, don haka biliyan ɗin ba ta kai girman da take da shi a kunne ba. Duk da haka, sauran masu shirya fim ma da wannan nairar ake auna su, kuma ita ce a gaba. Mutanen ba su guje ta ba ko da ta yi tuntuɓe. A Afrilun 2020 kotu ta same ta da laifin karya dokar kulle saboda liyafar da aka yi a gidanta. A 2023 ta tsaya takarar mataimakiyar gwamnan Legas a PDP, jam'iyyar ta zo ta uku. Wata tara bayan haka, Legas ɗin da ta hana ta ƙuri'a ta cika mata silima.

Genevieve fim ɗaya ta ba da umarni, Lionheart, amma ya je inda babu na Funke da ya je. An nuna shi a bikin finafinai na Toronto a Satumbar 2018, Netflix ta saye shi, kuma shi ne na farko da Najeriya ta taɓa aikawa gasar Oscar. A Nuwamban 2019 aka cire shi, domin ƙa'idar rukunin finafinan ƙasashen waje ita ce yawancin maganar kada ta zama Turanci, shi kuwa cikin minti 95 kusan minti 11 ne kawai ba na Turanci ba. Ta kare kanta da cewa Turanci ne ke haɗa ɗaruruwan harsunan Najeriya, kuma haka 'yan Najeriya ke magana, wanda ba ƙarya ba ne. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, har yanzu ma ina ganin an yi asarar fim mai kyau. Amma cirewar ta sa an waiwayi harsunan gida: fim ɗin da aka aika a shekara ta gaba, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa aka yi, kuma da shi Maryam Booth ta ci kyautar AMAA ta mataimakiyar jaruma a 2020.

Akwai wani ma'auni da mai kallo Bahaushe ba zai tsallake ba, wato yadda kowaccensu ta nuna ɗan Arewa. A nan Genevieve ta yi nisa. A Lionheart, kamfanin sufurin su Adaeze, wadda Genevieve ta fito a matsayinta, na neman durƙushewa saboda bashi, kuma mafitar ta fito ne daga Kano, wajen Alhaji Ɗanladi Maikano, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, da ɗansa Hamza, wato Yakubu Mohammed. Attajirai ne masu ilimi da kamun kai, an zauna da su tsara da tsara. Wurin da mahaifin Adaeze, wato Pete Edochie, wanda ya yi ƙuruciya a Zariya, ya juya harshe zuwa Hausa yana magana da Alhajin, ya fi dogayen jawabai da yawa kan haɗin kan ƙasa tasiri. A A Tribe Called Judah kuwa, Jedidah, wadda Funke ta fito a matsayinta, tana da 'ya'ya maza biyar, kowanne ubansa daga ƙabila daban, kuma Adamu, ɗan Bahaushe, wanda Uzee Usman ya fito a matsayinsa, mai gadi ne. Ba a mayar da shi abin dariya ba, yana ma cikin masu hankalin gidan, amma ƙofar da Nollywood ta daɗe tana tsayar da mu a bakinta, nan dai aka sake tsayar da shi.

Idan zancen iya wasa ne zalla, Genevieve nake ba. Jenifa ta ɗaure Funke kamar yadda ta ɗaukaka ta, har ta kai mai kallo na jiran karyayyen Turancin ko a fim ɗin da babu Jenifa a ciki, kuma finafinanta kan yi tsawo da hayaniya fiye da abin da labarin ke buƙata. Amma idan ana maganar abin da mutum ya kafa, sikelin ya rinjaya wajen Funke, kuma ba da kaɗan ba. Tun bayan Lionheart Genevieve ta kusa ɓacewa daga gaban kyamara. A 2023 ta koma Toronto da I Do Not Come to You by Chance, amma a matsayin mai ɗaukar nauyi. Wannan zaɓinta ne, ba wanda zai ga laifinta, sai dai ƙofar da ta buɗe ba ta tsaya a bakinta tana shigar da na baya ba. Shirin Funke kuwa ya zama makaranta. A cikinsa Juliana Olayode da Lota Chukwu suka yi suna, a cikinsa mawaƙi Falz ya ci kyautar AMVCA ta wasan barkwanci, Tobi Makinde kuma ya tashi daga ɗan wasa a Jenifa's Diary har suka ba da umarnin Battle on Buka Street tare da ita. Shiri mai zango sama da ashirin yana nufin masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu rubutu sun yi shekaru suna da aikin yi, a sana'ar da mafi yawan mutanenta ke zaman jiran kira.

Inda Funke ta fi ba ni mamaki shi ne Jedidah. Uwa ce da shekaru suka fara ja, ciwon ƙoda ya kwantar da ita, 'ya'yanta na neman kuɗin magani ta hanyar da za ta jefa su cikin halaka. Ta ajiye barkwancin, ta sassauta murya, ta bar gajiyar da ke fuskarta ta yi magana, wato irin wasan da aka daɗe ana cewa na Genevieve ne. An sa sunanta cikin masu neman kyautar gwarzuwar jaruma a AMVCA ta 2024, amma Kehinde Bankole ce ta ɗauka da fim ɗin Adire. A Disambar shekarar Funke ta sake komawa Jenifa. Ina fata masu sayen tikitin nan za su ba ta dama ta sake yin wata Jedidah, domin tana da shekarun da irin wannan rawar ke buƙata yanzu, kuma ta nuna tana iyawa.