Laifin ba na kamfaila ba ne

Matasan da ke koyon harshen C++ a Douala, daga Makèpè har New Bell, sukan ci karo da wani ƙorafi: wai enum ɗin da ke cikin template ba ya zama alamar case a switch, kamfaila ce ke da matsala. Ba ta da matsala. Sharaɗinta shi ne abin da ya biyo bayan case ya zama an san ƙimarsa tun lokacin harhaɗa shirin, kuma kada alamu biyu su zo da ƙima ɗaya. Enum ya cika na farko.

Inda ake tuntuɓe daban ne. Template mazubin bulo ne, ba bulon ba. Akwati<int> da Akwati<double> mazubi ɗaya ya fitar da su, amma kowanne da nasa enum, kamar gidaje biyu da kowanne ke da Musa. Wanda ya aika a kira Musan wannan gida, ba ya karɓar na maƙwabta don suna ya zo ɗaya. Tsohon enum yakan rikiɗe zuwa lamba, sai aikin ya wuce, wani lokaci da ɗan gargaɗi. Enum class, wanda C++11 ya kawo, ba ya yin wannan alfarma ko kaɗan.

Sai batun gado. Idan enum yana cikin ajin uwa da ya dogara da T, wato nau'in da ake ba template ɗin, kamfaila ba ta leƙa can da kanta. Sai a rubuta cikakken suna, misali Uwa<T>::Ja. Kamfailar GCC ta tsaurara wannan a fitowarta ta 3.4, a 2004, shi ya sa shirin da aka kwafo daga tsohon littafi ke cijewa yau. Haka kuma in ƙimar ta fito daga sizeof(T), tana iya zuwa ɗaya da ta wata case ga wani nau'i kaɗai, kamar tela ya yanka riguna goma lafiya, ta sha ɗaya ta ƙi.

Abin takaicin shi ne saƙon kuskuren yakan faɗi layi da dalili, amma ba a karantawa, wasu masu koyarwa ma ba sa nacewa a kai. Ɗalibi ya kunna -Wall, ya karanta layin farko na saƙon kafin ya zargi kamfaila.